Reshen Ƙeranar Iya

Ranar Asabar ta farko bayan na shiga aji biyar na firamare, Iya, kakata ta wajen uba, ta sauka gidanmu a Unguwar Dosa daga ƙauyensu na ƙasar Katsina, rungume da wani abu cikin buhun siminti. Na yar da tsintsiya na ruga, na ɗauka rake ne. Da aka kwance sai ga reshen ƙerana, kore shar, ƙaya jere a gefensa kamar haƙoran zarto. Ashe an sayar da gonar marigayi kakanmu, mai sayen ya sare shingen kaf, wannan reshen kaɗai Iya ta tsira da shi. Nan take na ce ni zan dasa. Na huda gindin tsohon bokitin fenti da ƙusa, na ciko shi da ƙasa. Iya ta ce a'a. Ta barbaɗa toka a bakin yankan, ta jingine shi a inuwar bayan kicin, wai sai ya kwana bakwai ya bushe. "Uwar azarɓaɓi, ba gudu zai yi ba."

Kwana bakwai! Ni da ko tuwo ba na jira ya huce. Washegari Iya ta tafi Rigasa gidan goggona, tana fita na cusa shi a bokitin. Safe da yamma ina ɗura masa ruwa kamar alayyafon Mama, ina janyo ƙawayena daga wajen 'yar gala-gala su zo su ga gonata. Bayan mako biyu Iya ta dawo, ta danna gindin da tsinke, ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan turmi tana kallon bokitin, wallahi gara ta dake ni.

Can ta tashi ta ɗaura leda biyu a hannu, ta sa wuƙa ta yanke saman da bai ruɓe ba, ɗan guntu da bai wuce tafin hannu ba. Farin nono ya tsatso. Don murnar akwai saura, na cafke shi da hannu tsirara ina tsalle, gumi ya gangaro mini, na kai hannu zan share ido. Iya ta maƙe mini wuyan hannu. "Taɓa idon nan ki ga yadda ake makancewa da rana tsaka!" Ta ja ni bakin famfo, sabulu sau uku, wuƙar ma sai da ta sha wanki. Duk da haka bayan hannuna ya kwana biyu yana raɗaɗi kamar an goga barkono.

Wannan karon na jira. Kullum in ja layi ɗaya da gawayi a bango har suka cika bakwai. Muka dasa a yashi, ba a ba shi ruwa sai yashin ya bushe ƙayau. Ranar da na ga sabon toho a kansa, ihun da na yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Yanzu ƙeranar tana kusurwar da yara ba sa zuwa, ta zarce katangar, Iya kuwa ta rasu ba ta ga tsawonta ba. A Doka ana sayar da irinta cikin tukwane masu fenti, mutum ya ɗauka a kammale ya wuce. In wata ƙawata ta roƙi reshe, nakan ɗaura leda in yanka, in ce mata kwana bakwai, in ba za ta iya ba ta bar mini abuna. Har yau ban iya jiran komai ba sai ƙeranar nan.