Tunkiya Mai Jar Lema

Ana idar da sallar asuba muka baro unguwar Ard al-Liwa, ni da ƙanena da ke karatu a Alƙahira, wanda na je dubawa. Unguwar Ma'adi muka nufa, wajen wata tsohuwar Baturiyar Ingila mai rubuta littattafan yara. Ban taɓa ganinta ba. Littafinta ɗaya na sani, shi ma ba ni na karanta ba.

Ina 'yar shekara biyar Babanmu, wanda tela ne a Funtuwa, ya tsinci littafin a cikin dilar gwanjo. A bangonsa akwai tunkiya riƙe da jar lema. In ya gaji da taka keke sai ya ɗora ni a cinya, ya buɗe, ya ba ni labarin da Hausa. Littafin ya ɓace lokacin da muka sauya gida, Baba kuma ya rasu bara. Ranar da na zauna zan ba 'yata labarin, sai na tarar farko da ƙarshe kawai na riƙe, tsakiyar ta zube. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ji na yi kamar na sake rasa shi. Ina cikin faɗin haka a hira a Alƙahira sai maƙwabciyar ƙanena, wata Bahaushiyar Sudan mai kula da Baturiyar, ta ce ai hoton tunkiyar nan na rataye a falon Madam.

Tuk-tuk, wato adaidaita-sahunsu, muka fara hawa. Direban ya ƙure kiɗa, yana ratsa lunguna kamar ana bin sa, ni kuwa ban fasa salati ba har muka sauka. A bakin tasha muka ci ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da irin ƙosansu, a cikin burodi, da arha har na ji kunyar abin da nake kashewa a kan ƙosai a gida. A metro, jirgin ƙasan cikin gari, na shiga taragon mata, wata tsohuwa ta matsa mini wuri, ta tambaye ni ƙasarmu, sannan ta ba ni shawarar da ban nema ba a kan ɗaurin mayafina.

Ma'adi kamar ba cikin Alƙahira take ba. Bishiyoyi ne ko'ina, ga shiru. Na ga kare sanye da riga ana yawo da shi. Ƙanena ya ce, "Yaya, daina kallo, za a gane daga Ard al-Liwa muke."

Madam 'yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma bakinta garau. Kan shayi ta ba mu tarihinta. A wani garin masunta aka haife ta, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Malamar firamare ce, ta fara rubutu don yaran ajinta da ruwa ke hana fita wasa. Masu buga littattafai sun yi ta mayar mata da labarin tunkiyar kafin wani ya karɓa. Daga nan ta bar koyarwa ta rungumi rubutu. Aikin mijinta ya kawo su Masar, ya rasu a nan, ita kuma ta ƙi komawa, ta ce ta gaji da jiƙewa. Yanzu ba ta iya rubutu, sunayen wasu littattafanta ma sun fara kwance mata. Ta faɗi haka tana dariya, amma na ji tausayinta.

Aka ɗauko littafin. Na karɓa, na buɗe yadda na saba gani ana buɗe shi. Ga rana tana ƙuna a shafin farko, ga tunkiya a ƙofar gida. Madam ta sa hannu ta shafa, ta ce, "'Yata, kin juya shi. Nan ai ƙarshe ne."

Sai a lokacin na gane. Baba karatun allo ya yi, ko awon ɗinki da ajami yake rubutawa. Ashe ta dama yake buɗe littafin, kamar littattafansa na Larabci. A wajen Madam, ruwa ne ya kori tunkiya daga gida, ta sha wahala, daga ƙarshe rana ta fito aka yi murna. A wajen Baba, rana ce ta kore ta, ta ɗauki lema don inuwa, ta tafi neman hadari, kuma labari bai ƙare ba sai da ruwa ya sauka a kan rufin gidanta. Kalmomin da na zo nema ba sa cikin littafin, ba su taɓa kasancewa a ciki ba. Na yi kuka a falon mutane.

Na faɗa wa ƙanena, shi kuma ya bayyana wa Madam. Sai ta ce a rayuwarta ba ta taɓa tunanin akwai yaron da zai ga ruwan nan ya yi murna ba. Ta tura mini littafin ta ce, "Yalla, maza, karanta mini na babanki." Na fara daga dama. Kowane hoto na buɗe sai abin da Baba ke faɗa a kansa ya dawo, har da muryar da yake yi wa kwaɗon da ke cikin labarin. Tsakiyar duk ta dawo.

Ta ba ni littafin kyauta, da sharaɗin in rubuta na Baba in sa sunansa. A metro na fara, a bayan takardar da aka naɗe mana burodi.

Yau kwanana uku da dawowa Funtuwa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, marubuta biyu ne suka yi renona da littafi ɗaya, kuma wanda na fi daɗewa a cinyarsa ban san marubuci ba ne sai da ya tafi. Jiya 'yata ta ɗauki littafin ta buɗe ta hagu, yadda aka koya musu a makaranta. Na ɗora ta a cinya, na juya mata shi, na ce, "Na Kakanki daga nan yake farawa."