Mushe Zakari, Wanda Ya Hana Ni Barin Aji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 18 ga Nuwamba 2025, Allah ya karɓi ran Mushe Zakari Gado (Mushe muke kiran malamin boko a nan), abokin aikina a lakwal ɗin Dumega, wato makarantar firamare, bayan jinyar kwana tara.

Zakari, shekara uku ke nan da idanuna suka mutu. Na yanke shawarar ajiye koyarwa, domin malamin da ba ya ganin littafi me zai karantar? Ka zo gidana ka zauna kan tabarma, ka ce, "Mushe Sallau, ido ne ya tafi, ba kai ba." Ka karɓi wayata ka saka mata manhajar da ke karanta rubutu da murya. Ranar na saurari darasin aji shida tun daga farko har ƙarshe, na yi kuka ba kunya.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni, na ɗora wayar kan tebur ta yi wa yara dikte, wato shifta. Ba ta tsayawa, ba ta maimaitawa, ba ta san yaro ya ɓata ba. Aji guda ya sha sifili. Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Ta karanta maka a kunne, kai ka karanta musu. Muryarka suka sani." Haka nake yi har yau.

Amma waya ba ta iya karanta rubutun hannun yaranmu ba, kuma in caji ya ƙare shi ke nan. Saboda haka kowace Alhamis bayan la'asar kana zuwa da babur ɗinka, ka karanta min kayen yara, wato littattafan rubutunsu, ɗaya bayan ɗaya, ina ba da maki. Ba ka taɓa nuna ka gaji ba, sai dai ka yi mitar shayina ba sukari.

Yanzu kaye hamsin da biyu na jibge a ɗakina. Ban san wanda zai karanta min su ba, kuma wallahi ina jin tsoro. Amma jiya Litinin na shiga aji, gobe ma zan shiga.

Allah ya jiƙanka, Zakari, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Sahura da 'ya'yanka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.