Ranar da Jirgi Ya Nutse da Mutane

Jiya da hantsi ina tsintar shinkafa, sai na ji rediyon maƙwabta ta kan katanga tana cewa, "A rana irin ta yau…" Wallahi sai da na ajiye faifan. Kalmomin nan sun ɗauke ni sun mayar da ni tsakar gidanmu, can wani ƙauye bayan Bukkuyum, ina 'yar yarinya mai kunnen tsiya, wadda ba a magana a gabanta sai ta haddace.

Babanmu yana da wata rediyo da aka ɗaure bayanta da roba. Kullum da safe, kafin ya tafi gona, zai rataye ta a reshen dalbejiya, muna shan kunu mai karatu yana jero abubuwan da suka faru a duniya a irin wannan rana. Wani sarki ya mutu, an gama wani yaƙi, an ƙera wani abu. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ba ta barin shi ya gama shi kaɗai. Da ya yi shiru sai ta gyara murya ta ƙara nata: a rana irin ta yau kuma, jakin maƙwabci ya cinye mata kuɓewa. Mu faɗi da dariya.

Ku da kuka san yankinmu kun san shekarar da zinare ya shigo gidaje. Maza su kawo dutse daga rami, a daka, a niƙa a tsakar gida, ƙura ta kwanta a kan kwanuka da tabarmi. Ba wanda ya san da gubar dalma a ciki. Yara suka fara zazzaɓi da jijjiga. Ƙanena, autan Inna, bai daɗe da koyon gudu ba. Safiyar da ya rasu rediyon tana rataye, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Ina tsugune bakin ɗaki na ji mai karatu yana cewa a rana irin ta yau wani babban jirgin ruwa ya nutse da mutane, kuma wata ƙasa mai nisa ta sami 'yancin kai.

Bayan haka ma'aikata suka zo da shebur, suka kankare ƙasar gidan kaf, suka zuba sabuwa. Alheri suka yi mana, da shi muka rayu. Amma na ji Inna tana cewa a hankali, ita kaɗai, "Har ƙasar da yat taka an kwashe."

Daga nan ba ta ƙara ambatonsa ba. Mu ma muka bi ta, don Baba ya ce haƙuri shi ne a yi shiru. Inna tana daka, tana tuƙa tuwo, tana gaida baƙi, amma ba ta dariya, kuma kullum zanenta sai ya ƙara zagaye ta. Kaka ma ta daina ƙara wa mai karatun rediyo nata. Na fara tsoron kada wata rana Inna ta bi shi.

Mu da wata muke lissafi, don haka da watan rasuwarsa ya zagayo aka yi sadakar waina, aka shafa Fatiha, muka ɗauka ranar ta wuce. Ashe kwanan watan boko yana baya, bai iso ba tukuna. Wata safiya, ana jiran ruwan shuka, sai ga mai karatu: jirgi ya nutse da mutane, ƙasa mai nisa ta sami 'yancin kai. Na ɗaga kai. Inna ta tsaya cak da ludayi a hannu. Ashe ita ma ta ji a waccan safiyar.

Baba ya miƙe zai kashe.

"Bar ta, ɗan nan," in ji Kaka. "Mi tai maka?"

Mai karatu ya gama. Kaka ta gyara murya yadda ta saba a da.

"A rana irin ta yau kuma, Allah ya karɓi wani jarumi na gidan ga, wanda ba ya tsoron bunsuru, amma in ya ga kaza sai shi ɓuya bayan randa."

Baba ya sunkuyar da kai. Can sai Inna ta ce, ba ta ko juyo ba, "Ba kaza ba ce. Agwagwa ta."

"To, ke kin hi ni sani. Hwaɗa muna."

Inna ta zauna a kan turmi. Ta faɗi yadda agwagwar ta taɓa fizge masa ƙosai, yadda yake kiran ruwa, yadda yake barci da ƙafa ɗaya a kan cikinta. Tana kuka tana dariya har kunun ya huce. Ranar Baba bai je gona ba, kuma da rana na ga Inna ta cinye tuwonta.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Yanzu yarana suna duba waya su karanto min abubuwan kowace rana, har da hotuna, kuma na san kwanan watan da lambarsa. Inna, da ta tsufa a wurina nan Anka, ba ruwanta da lamba. In zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa, sai ta riƙa tambayata, "Jirgin nan bai nutse ba tukun?" Ranar da na ce mata yau ne, waina kwano biyu take sa a toya. Na taɓa tambayarta na biyun na wa. Ta ce na mutanen jirgin ne, ai su ma wata ta haife su.