Ranar da na ja labule a kan firijin giya

Gara in rubuta.

A lokacin, wata huɗu ke nan da zuwana Manchester. Ina tsaron kantin ƙanwar mahaifiyata a Old Trafford, ina kwana a ƙaramin ɗakin da ke samansa. Anti ce ta kawo ni ƙasar, kuma tun a mota daga filin jirgi ta ce mini: "Kuskure ɗaya, ki bar mini gida." Ba ni da kowa a nan sai ita.

A garinmu, ranar zaɓe ba a buɗe kanti, ba a hawa mota. Mama burkutu take dafawa, amma tun jajibiri take kife tukwanenta. Takan ce wanda ya sha ba ya zuwa layi, in ma ya je da gora yake zuwa. Na ga abin da masu gora suka yi wa maƙwabcinmu a bakin akwatin zaɓe, ina 'yar shekara tara. Ni a sanina dokar duniya ce.

Wata Alhamis da safe na hango an manna takarda a ƙofar cocin da ke tsallaken titi, mutane na shiga da kati a hannu. Zaɓe! Anti ta tafi saro kaya. Na ce yau 'yan sanda za su rufe mata kanti saboda ni. Ban tambayi kowa ba, na ja labulen firijin giya har ƙasa.

Sai ga wani dattijon Bature mai jar fuska, wanda kullum yake ɗaukar gwangwani huɗu kafin rana ta take. Ya tambaya ko firijin ya lalace. Na ce a'a, yau zaɓe ne, sai ya jefa ƙuri'a tukuna. Ya ce ai ya jefa. Ni kuwa, da zuciya ɗaya, na ce ya nuna mini yatsansa in ga tawada.

Ya nuna mini. Na tsakiya.

Mata biyu da ke layi suka kece da dariya. Ya zaro waya ya sa mini a fuska yana ɗaukar bidiyo, wai in maimaita, in faɗa wa duniya dokar dajinmu. Yana kwaikwayon Turancina, warin bakinsa na dukana. Na fara neman ƙofar baya.

Ana haka Anti ta shigo da kwali a hannu. Na ce Allah ya kawo ceto. Ta saurari Baturen, ta yi dariya har da dafa kanta.

"Sorry, love," ta ce masa. Ta juyo gare ni, murmushin na nan a fuskarta don kada su gane, ta ce da Hausa: "'Yar mai burkutu, ke ce za ki koya wa Bature zaɓe? Uwarki ce council ɗin garin nan? Licence ɗina kike so ki ci?"

"Anti, na ɗauka kamar gida ne."

"Gida? Ɗaga labulen, baƙauya. Ki miƙa masa da hannu biyu, ki rusuna."

Na rusuna. Wayar na kaina har na miƙe.

Washegari ta zuba kayana a jakar leda, ta sa ni a motar Birmingham, wurin wata matar cocinsu a Sparkhill mai neman mai raino. Da na tambayi fasfo ɗina a tasha, ta ce inda yake ya fi ni hankali.

A nan nake yanzu, ina kwana a ƙasa kusa da gadon yara. Mama ta kira ranar Lahadi, tana tambaya ya kanti, ya ƙanwarta, ko ina yi mata biyayya. Na ce lafiya lau, Mama.