Kwalbar Inna

Mu uku Inna ta haifa, amma in ta ce "'ya'yana", wallahi sai mun waiga mu ga ko da mu take. Shekara goma sha ɗaya tana kiwon ƙwari a cibiyar binciken noma, wasu 'yan jajaye masu ɗigon baƙi. Su ke cinye kwarkwatar da ke tsotse ganyen lemo, sai dai da manomi ya yi feshi su ke fara mutuwa.

Aikin Inna shi ne ta samar da irin da feshi ba zai kashe ba: ta fesa musu magani kaɗan, waɗanda suka tsira ta ɗauke su da gashin kaza ta haɗa su su hayayyafa, ta kuma fesa wa 'ya'yansu. Ranar feshi ba ta iya cin abinci, kowa a gidan sai ya shiga taitayinsa.

Da rufin ɗakin kiwon ya fara yoyo, aka ba ta izini ta taho gida da zuriya ta arba'in. Kwalba ɗaya tal, an ɗaure bakinta da yankin gidan sauro. Duk wahalarta tana ciki. Ta ajiye a kan durowa a ɗaki, ta fita kwashe shanya.

Baba kuwa mutum ne mai tsari. Kullum da la'asar sai ya feshe ɗaki da maganin sauro ya ja ƙofa. Ranar ma bai fasa ba.

Da warin ya iske Inna, sakin kayan ta yi a ƙasa.

"Malam, me ka yi min?"

"Sauro ne, ai kin san..." Nan ya tuna. Ban taɓa ganin Baba ya tsufa lokaci guda irin na ranar ba.

Ta fito da kwalbar tsakar gida. Ƙwarin duk sun bingire, ƙafafu a sama. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Baba ya durƙusa yana yi wa kwalba fifita da hularsa.

Can sai ɗaya ya motsa, ya kife, ya kama ganye. Sai wani. Kafin magariba kusan duk suna yawo.

Inna ta fashe da kuka. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa iya fesa musu da yawa haka ba. Tsoro nake."

Baba bai daina fifitar ba.

"Malam, ya isa," ta ce, ta riƙe hannunsa. "Sun girma."