Kotun da Muke Zama a Kicin

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar sallar 2006 aka nemi cinyar kaza a tukunyar Umma aka rasa. Shigowar Baba ke nan daga Manchester, inda yake gadin wani kanti duk mako, idanunsa jawur, takalmansa sharkaf da ruwan sama. Umma na ta faɗa, sai ya jawo kujera ya zauna, ya tsayar da ni da ƙanena Sadiku a gaban firji. Bai ɗaga murya ba. Tambaya yake jefowa a hankali, ya zagaya ya dawo, har Sadiku ya yi suɓul da baka ya ce ai yajin ma ya yi yawa. Baba ya tuntsire da dariya. Tun zuwanmu Birmingham ban taɓa jin dariyarsa ba.

A Kano lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara, a nan kuwa takardunsa ba su yi masa rana ba. Kullum aljihun kwat ɗinsa da littafin wani Ba'italiye, wanda shi ma ya daɗe yana aikin gabatar da ƙara kafin ya koma rubuta labaran masu laifi. A mota yake karantawa, har barci ya kwashe shi. Yakan ce, "Shi da kansa ya ajiye rigar. Ni tawa tuɓe mini aka yi, ba a tambaye ni ba." Shi ma wai zai rubuta nasa idan ya huta.

Tsoro muke ji kada gajiya da shiru su cinye mana uba. Saboda haka duk Asabar sai mun shirya masa laifi kafin ya iso unguwarmu ta Sparkbrook. Mu tura rimot cikin buhun shinkafa, ko mu ɓoye takalmin makaranta ƙafa ɗaya a bayan hitar ɗumama ɗaki. Sadiku ya ƙware a shaidar zur kamar gado. Umma takan ce, "Ku bar bawan Allah ya huta," amma ita ma ta taɓa ɓoye ludayinta.

Bai huta ba, bai kuma rubuta ba. Bara, yana kwance a asibiti, shi ya tayar da maganar. Ya ce, "Tun tambayar farko nake gano ku. Jan shari'ar kawai nake yi don kada ta ƙare."

Ya rasu kafin azumi. Yanzu kicin ɗina ya fi wancan girma, ba abin da ke ɓata a cikinsa, ni kuwa duk Asabar kewa ce ke hana ni sakat.