Ranar da Kabewata Ta Tare Jirgin Ceto

Ko zan manta da komai na zamana a Yamai, ban da wata ranar Talata cikin damina, lokacin ina sayar da kabewa a bakin kogi, ƙasan gadar Gaweye.

Ina da wani gangare mai kyau inda jiragen kabewa ke tsayawa su sauke mini kaya. Wata rana wani sarjan na ƴan kashe gobara ya zo ya same ni. Ya ce jirginsu na ceto yana can bariki, in an kira su sai mota ta jawo shi ta cikin gari. Suna so su kafa ƙarfe a gangarena su ɗaure shi, ya riƙa zama cikin ruwa kullum.

Na ce, "Sarjan, nan nake neman abincina. Kogin nan faɗi gare shi, ku duba wani wuri."

Ya ce, "Alhaji, ko'ina laka ce da duwatsu. Nan kaɗai jirgin zai iya tashi nan take."

Na ƙi. Har na zuga sauran ƴan kasuwa muka je wurin mai unguwa, aka jingine maganar. A lokacin gani nake na yi wayo.

Ba a yi wata biyu ba ruwa ya cika, ya yi ja wur. Da hantsi ina tsaye ina jiran kaya. Ƙanena na cikin jirgin da ke kawo kayan, tare da wani tsoho Bazabarme da ya daɗe yana tuƙo mini kabewa. A kan idona jirgin ya bugi ƙafar gada, ya juya, ya kife. Kabewa ta watsu bisa ruwa, na kasa bambance ta da kan mutum.

Masu wanki suka ɗau ihu. Na kira ƴan kashe gobara da salula. Sai jira. Na hau gada, na sauko, na sake hawa. Ƙanena ya rungumi wani itace da ya maƙale a ƙafar gadar, ina ta kwarara masa kira, "Riƙe! Kada ka saki!" Tsohon kuwa sau biyu na hangi kansa, ruwa na tafiya da shi. Masunta biyu suka gwada shiga, ƙarfin ruwan ya maido su. Ina jin jiniya daga wajen shataletalen Maourey, ba ta matsowa. Cunkoson motoci ya riƙe su.

Da suka iso, tulin kabewata ne ya tare gangaren. Ni da kaina na faɗa wa tulin ina wurgi da kabewar cikin ruwa, ina kuka, mutane suka kama mini. Sarjan bai ko dube ni ba, ya ce wa mutanensa, "Ku tura!" Suka ciro ƙanena da rai, sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga itacen. Tsohon sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa can ƙasa.

Wajen ta'aziyya matarsa ta ce mini, "Alhaji, mun gode. An ce dukiyarka ka zubar don a cece shi." Na rasa inda zan sa kaina.

Washegari na nufi bariki. Na tambayi sarjan, "Da jirgin na ɗaure a wurin, da an sami tsohon da rai?"

Ya ce, "Allah ne masani, Alhaji. Amma da mun gwada."

Ni na riƙe ƙarfen ranar da aka kafa shi, na kwashe kayana na koma can gaba cikin laka. Har yau in damina ta kama, ba na iya zama wuri ɗaya a bakin kogin. Abin da na koya shi ne, duk ranar da aka roƙe ka wani abu domin jama'a, ka tuna kai da naka kuna cikin jama'ar nan.